Buhu da Tiya: Tarihin Tallafin Noma a Ƙasar Tasawa da Mayahi

A hutun damanar bara malaminmu na nazarin karin harshe ya ba mu aiki: kowa ya koma garinsu ya tattaro kalmomin awo da na ciniki daga bakin tsofaffi. Garinmu wani ƙauye ne tsakanin Tasawa da Mayahi, ƙasar jigawa, ƙasar hatsi da wake. Na zauna da kakata a gindin rumbu, waya a hannu ina ɗaukar murya. Muka bi dami, muka bi tiya da buhu, muka bi dala da jika. Da na ga awo ya ƙare sai na ce, "Kaka, tallafi fa, a da yaya kuke ce mashi?"

Ta dube ni ta yi dariya. "Wane daga ciki, maigida? Akwai irin bashi, akwai shanun bashi, akwai hatsin rahusa, akwai takin da munka ji a rediyo. Kowane da sunanshi. Abu guda dai na sani, su da buhu suke magana, mu ko da tiya muke ci."

Maganar nan ba ta shiga aikin da na miƙa wa malam ba, amma ita ta sa na je na karanta tarihin abin. Buhun hatsi kilo 100 ne, tiya kuwa wajen kilo 2 da rabi, wato tiya 40 ke cika buhu. Abin da na gano shi ne, shekara wajen 90 ke nan hukumomi na kawo wa manomin ƙasarmu agaji iri-iri, kuma kusan kowane lokaci ma'aunin da aka zo da shi da watan da aka kawo shi su ne suka zaɓi wanda zai ci amfaninsa, tun kafin a rubuta sunan kowa.

Yadda abin yake aiki

Tallafin noma shi ne hukuma ta ɗauki wani kaso na kuɗin abin da manomi ke buƙata, iri ko taki ko garma ko bashi, ko kuma ta sayi amfaninsa da tsadar da ta fi ta kasuwa. Da zarar an yi haka, abu guda ya samu farashi biyu. Mu ɗauki misali: a ce buhun taki jika 20 ne a kasuwa, na hukuma kuwa jika 13 da rabi. Duk wanda ya samu buhun hukuma, an sa masa jika 6 da rabi a aljihu, ko ya zuba takin a gona ko ya juya ya sayar. Tunda kuɗin hukuma ba ya isa a ba kowa, dole a yi layi, kuma a layi wanda ya fara jin labari, yake kusa da mangaza, yake da kuɗi a hannu ranar, shi ke gaba.

Don haka duk tsarin tallafi sai a yi masa tambaya uku. A kan me aka ɗora shi? A wane wata yake isowa? Da wane ma'auni ake ba da shi? Mu bi tarihi da su.

Rumbun kwamandan da irin gujiya

Har zuwa 1927 Tasawa ce mazaunin kwamandan Faransa na wannan yanki, kafin a mai da shi Maraɗi. Tsofaffi na wancan zamani sun ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, sannan a 1931 wata yunwar ta kashe dubban mutane a yammacin Nijar. Bayan ita ne Turawa suka matsa da dokar rumbunan ajiya: da kaka kowane gida ya kai wani kaso na hatsinsa, a rufe, ba a buɗewa sai da izinin hukuma. A takarda tanadi ne. A ƙauye kuwa mutane sun ɗauke shi wani haraji na biyu, domin mai hatsi ba shi da iko da hatsinsa.

Tare da rumbunan akwai ƙungiyoyin tanadi da ake kira SIP, waɗanda Faransa ta kafa da doka a 1910, suka yaɗu a Nijar a shekarun 1930. Shiga dole ce, kuma kuɗin shiga tare da lanho ake karɓarsa, wato harajin kai. Da kuɗin ake sayen iri a ranta wa manomi, ya biya da kaka da ƙari a kai. Ga asalin "irin bashi" na kakata. Irin da aka fi rantawa kuwa na gujiya ne, wadda ƴan uwanmu na Kano ke ce wa gyaɗa, domin ita masana'antun mai na Faransa ke so, kuma ita ce ke kawo tsabar kuɗin da za a biya lanho.

A shekarun 1950 gujiya ta mamaye kudancin Maraɗi da Damagaram. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suna saye ta hannun dillalai, kuma daga cikin dillalan nan ne manyan alhazan Maraɗi suka taso, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa na 1986. Da farko ta Kano ake fitar da ita a jirgin ƙasa zuwa Legas. Daga wajen 1953 aka buɗe wata hanya ta Parakou da Kwatano, a tsarin da aka sa wa suna Hirondelle. Babban tallafin wannan zamani a Faransa yake: tana sayen gujiyar ƙasashenta da farashin da ya ɗara na kasuwar duniya. Sai dai kafin rarar ta iso hannun mai gona ta bi ta hannun kamfani, da mai mota, da dillali, da mai sikeli.

Ƴancin kai da ƙarshen gujiya

Gwamnatin Diori Hamani ta gaji tsarin, ta mai da shi na ƙasa. A 1962 aka kafa SONARA, kamfanin da ya riƙe fitar da gujiya waje, aka kuma kafa UNCC don ƙungiyoyin manoma da bashi. A 1967 aka buɗe asusun bashin noma na CNCA, a 1970 aka kafa OPVN don cinikin hatsi da ajiyarsa. A shekarun 1960 fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga waje na gujiya ne. Albashin ma'aikata a Yamai da gine-ginen ofisoshi, kaso mai yawa daga gumin gonakinmu suka fito.

A nan akwai lissafin da ya kamata mu riƙe. Hukuma na ba da iri bashi da hannun dama, tana yanke farashin saye da hannun hagu. Bambancin da ke tsakanin abin da aka biya manomi da abin da aka sayar a waje yana shiga asusun daidaita farashi da baitulmali. Idan aka haɗa biyun, manomi ne ke tallafa wa hukuma. Manoman sun gane haka ba tare da sun shiga lakkwal ba: shekarar da farashi ya fi kyau a Najeriya, gujiya kan bi dare ta ƙetare, shekarar da ya fi kyau a nan kuma ta can ta shigo.

Wajen 1967 Faransa ta janye farashin alfarma, saboda yarjejeniyar da ta shiga da sauran ƙasashen Turai. Farashin manomi ya sauka. Fari ya biyo baya daga 1968 har 1974, sannan a 1975 cutar da ƙwari ke yaɗawa ta cinye gujiyar. Ƙasar kuma ta gaji, domin an shekara da shekaru ana kwasa ba a mayarwa, saurar da ake bari ta huta ta ragu. Mutanenmu suka koma ga hatsi da wake. Kakata ta ce, "Gujiya ta tahi da kuɗɗinta, ta bar muna rairayi."

Shanun bashi

Ranar 15 ga Afrilun 1974 Seyni Kountché ya karɓi mulki, a daidai lokacin da kuɗin yuraniyom na Arlit ya fara shigowa da yawa. Karo na farko hukuma ta samu abin dogaro da ba gona ba. Ta sauke harajin kai a ƙarshen shekarun 1970, ta sa wadatar abinci a gaba, ta buɗe manyan ayyukan raya karkara jiha-jiha. Na Maraɗi ya kankama a 1977 da kuɗin Bankin Duniya. A 1978 aka kafa cibiyar sayo kayan noma ta ƙasa, wadda ke sayar da taki da maganin ƙwari da kayan noman shanu a kan rahusa.

Tsarin ya zo a ƙunshe: ingantaccen iri, maganin iri, shuka a layi, taki, da noman shanu. Ana ɗaukar saurayi da matarsa a kai su cibiyar horo su yi damana guda, su dawo da shanu biyu da garma da amalanke, bashi. Kawuna yana cikin waɗanda suka je. Ya ce mini ranar da ya shigo gari da shanun, yara har bakin rijiya suka raka shi.

Amma a duba ma'aunin. Shanu biyu suna son gona mai faɗi, da harawa ta rani, da yaron kiwo, da rarar da za a biya bashi ko damana ta yi gardama. Binciken da Claude Raynaut da abokan aikinsa suka yi a ƙauyukan jihar Maraɗi, ciki har da Sarkin Hausa ta ƙasar Mayahi, ya nuna cewa manoma ba ɗaya suke ba: a gari guda akwai mai gonaki da dabbobi, akwai wanda hatsinsa ke ƙarewa tun rani ya koma ƙwadago a gonar wani. Ƙunshin da aka kawo na mutumin farko ne. Mata kuwa, masu gamana, ɗan filin da miji ke yankar wa matarsa, ba su cikin lissafi, domin da sunan maigida ake rajista, a kan gandu ake magana.

Ƙasar ma ba a tambaye ta ba. Jigawa ba ta buƙatar kaftu mai zurfi kamar fadama, hauya ta isa. Abin da ya fi yi wa mutane amfani cikin kayan shi ne amalanke: ɗaukar taki zuwa gona, ɗaukar dami zuwa gida, ɗaukar kaya ranar kasuwa a biya ka. A taron Damagaram na Nuwamban 1982 jami'an gwamnati da kansu suka amsa cewa manyan ayyukan sun ci kuɗi, amfanin gona bai ƙaru yadda aka zata ba, bashi kuma ba ya dawowa.

Sai 1984. Ruwa ya ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyaka daga Afrilun shekarar har 1986, abin da ya sa mutanenmu suka laƙa wa yunwar suna El Buhari. Kawu ya sayar da sa ɗaya ya sayi hatsi, ɗayan ya mutu. Garmar ta yi shekaru jingine da danga. Amalanken dai ya ɗaura wa jaki.

A daidai lokacin farashin yuraniyom ya faɗi, masu ba da bashi suka zo da sharuɗɗa. Yarjejeniyar 1984 da hukumar agajin Amurka, da shirin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya na 1986, duk sun nemi a rage tallafin kayan noma. Aka rushe UNCC a 1984. Kafin ƙarshen shekarun 1980 CNCA da SONARA sun durƙushe. Cikin shekara goma manomi ya tashi daga mai bashin shanu ya koma wanda ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Tallafin da ya ƙetaro iyaka

Abin dariya, tallafin taki mafi girma da jihar Maraɗi ta taɓa ci ba daga Yamai ya fito ba. Daga 1976, zamanin shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo, har farkon shekarun 1980, gwamnatin Najeriya na biyan kashi 75 ko fiye na kuɗin taki. Takin da aka ware wa manomin Katsina da Daura sai ya bi ta Jibiya da Ɗan Isa da hanyoyin daji ya shigo kasuwanninmu, sau da yawa da arahar da ta fi ta mangazar hukuma. Darajar naira da ke faɗuwa a gaban sefa ta ƙara masa sauƙi.

Wannan taki ya yi abin da na hukuma bai yi ba: ya iso kasuwar ƙauye, an farke buhun, ana auna shi da tiya. Ɗan kasuwa bai tambayi takardar kowa ba. Mai dala ɗari ya saya, mai jika goma ya saya. Masu noman aya da wake da gujiya a kudancin jihar sun saba da taki ta wannan hanya.

Amma abin da ba naka ba ne, ba kai ke yanke ranar ƙarewarsa ba. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk kayan waje suka yi tsada. A 1997 Najeriya ta cire tallafin taki gaba ɗaya, da ta mai da shi a 1999 kuma kashi 25 kawai ta ɗauka. Darasin a fili yake: tsakanin Maraɗi da Katsina da Kano kasuwa ɗaya ce. Duk wanda ya sa farashi biyu a gefe ɗaya, kaya za su gangara ɗaya gefen, ko ta wace fuska.

Shekarar 2005 da hatsin rahusa

Akwai wani tallafin da ba na shuka ba ne, na ci ne, amma ya shafi manomi kai tsaye. Talakan manomi mai sayarwa ne da kaka, mai saye ne da bazara. A watan Oktoba yana fitar da hatsi da araha don biyan bashi da biki da magani. A watan Yuni yana sayen hatsin nan da tsada. Binciken tattalin arzikin gidaje da aka yi a gundumar Tasawa ya nuna cewa gidaje marasa ƙarfi fiye da rabin abincinsu na shekara daga kasuwa suke sayensa.

Damanar 2004 ta zo da ƙarancin ruwa da fara. A 2005 buhun hatsi ya kai jika 30 a kasuwanni da dama, domin ƴan kasuwa na bin farashin da ya fi tsoka, kuma a shekarar ta wajen Najeriya yake. Hukuma da masu ba da agaji suka fara da sayar da hatsi a kan rahusa, suna tsoron kada rabon kyauta ya ɓata kasuwa. Rahusa tana da amfani ga mai rabin kuɗi. Wanda ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, ko an ce buhu jika 5 ne, ba shi da su. Sai wajen ƙarshen Yuli da Agusta aka koma rabon kyauta, bayan cibiyoyin kula da yara masu tamowa sun cika. A shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara wajen 60.000 a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, jihar da ake ce wa rumbun ƙasa.

Bayan haka aka gwada wata hanya a nan gida. A 2008 ƙungiyar Save the Children ta zaɓi gidaje 1.500 mafi rauni a gundumar Tasawa, ta ba kowane jika 60 kashi uku a lokacin da abinci ke ƙarewa, kuma a hannun mata aka damƙa kuɗin. Ɗaya daga abin da aka lura da shi shi ne, mutumin da ke da abinci a gida yana iya tsayawa ya nome gonarsa maimakon ya tafi ƙwadago a ta wani. Ashe a watan Yuli tiyar hatsi ma kayan aikin gona ce.

Lokacin da aka saurari tiya

Me ya sa ma manominmu ke ɗari-ɗari da taki? Ba jahilci ba ne, lissafi ne. Ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 350 zuwa 500 ba, kuma ba ya zuwa da alkawari. Masana na cewa sai dala ɗaya da aka zuba a taki ta dawo da dala biyu kafin manomi ya yarda, inda ruwa ba tabbas kuwa sai ta fi haka. Ka watsa buhu biyu a hekta, ruwa ya ɗauke kwana 20, ka rasa hatsin ka rasa kuɗin.

Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, da abokan aikinsu, sun nuna cewa babban abin da jigawarmu ta rasa shi ne sinadarin fosfat, kuma ɗan kaɗan a ramin shuka yana yin aiki. Giram 2 na takin DAP, abin da yatsu uku ke tsunkula, ko giram 6 na NPK, cikin murfin kwalbar lemo. Hekta mai rami 10.000 ke nan kilo 20 na DAP ya ishe ta. Daga 1999 wani shirin hukumar abinci ta duniya, FAO, ya haɗa wannan dabara da abu biyu: shagunan kayan noma na ƙungiyoyin manoma, inda ake sayar da taki a ƙananan ƙulli, da kuma ajiyar jingina. A ajiyar jingina manoma na zuba amfaninsu a mangaza da kaka, a kulle da makulli biyu, ɗaya na ƙungiya ɗaya na asusun bashi, a ba su rance. Da bazara, farashi ya hau, su biya su kwashi kayansu. Tsarin na da nasa matsaloli, domin shekarar da farashi bai hau ba an yi asara, kuma wanda ba shi da rarar da zai ajiye bai shiga ba. Duk da haka shi ne karo na farko da aka gina abu a kan kalandar manomi da ma'auninsa.

Akwai kuma takin da ba a saya. Daga 1983 da 1984, a jihar Maraɗi, Tony Rinaudo da manoman da ya yi aiki da su suka fara barin tohon itatuwa a gona suna gyara shi maimakon sassabe shi, abin da yanzu ake ce wa sassaben zamani. Da farko da abincin agaji aka jawo mutane, da agajin ya ƙare wasu suka sare, amma da yawa suka ci gaba don sun ga amfani. Gawo na zubar da ganye da damana, ya ba ƙasa ƙarfi, ya ba dabba abinci da rani. Abin da ya ƙarfafa shi shi ne manomi ya samu tabbacin itacen gonarsa nasa ne, musamman bayan dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004. An ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram. Duk wanda ya bi Gulbin Kaba ya san abin da goruba da kaba ke sa wa a hannun matan Mayahi da Kanambakashe.

Buhu ya dawo

A 2005 Malawi ta fara raba takardun rangwamen taki, masararta ta ƙaru, duniya ta sake waiwayar tallafi. A Yunin 2006 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ce a ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta kafin 2015. Nijar har yau ba ta kai kilo 5 ba. A 2010 aka sake fasalin tsohuwar cibiyar kayan noma ta zama CAIMA, sannan shirin 3N na zamanin Mahamadou Issoufou ya zo da gidajen manoma a ƙananan hukumomi. Shekaru da dama farashin hukuma jika 13 da rabi ne buhu mai kilo 50.

Nazarin da ya kai ga gyaran tsarin ya lissafa matsalolin da muka riga muka gani a baya: takin bai isa ba, yakan makara, rahusar ta kowa ce don haka mai ƙarfi ya fi kwasa, kuma ɗan kasuwa na tsoron sayo taki da yawa kada na hukuma ya sauko ya karya shi. A Janairun 2018 gwamnati ta amince da shirin gyara, da goyon bayan yarjejeniyar MCC ta Amurka: shigo da taki ya koma hannun ƴan kasuwa, hukuma ta tsaya ga sa ido kan inganci da farashi, tallafi kuma a ba zaɓaɓɓun manoma ta takardar rangwame. Bai daɗe da fara tafiya ba yaƙin Yukren na 2022 ya ɗaga farashin taki a duniya, sannan rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya ƙara wahalar shigo da kaya. A Oktoban 2024 aka hana fitar da hatsi da dawa da masara da shinkafa zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. Wannan ma yana da fuska biyu ga mutum guda: sauƙi ne gare shi ranar da yake saye, ragi ne ranar da yake sayarwa.

Takardar rangwame ta fi rahusar kowa-da-kowa adalci a tsari, amma ta mai da tambayar wuri guda: wa ke rubuta sunaye? Kuma idan takardar ta ce ka kawo rabin kuɗin buhu a watan Yuni, mun koma gidan jiya.

Abin da ya rage gare mu

A ƙidayar 2012 gundumar Tasawa da ta Mayahi kowace ta haura mutum 500.000. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau gida biyar ko shida ke cinta. Saura ta ƙare. Wanda ya rasa abin yi yana jinginar da gona, mai kuɗin birni na karɓa, kuma binciken Marthe Diarra da Marie Monimart na 2006 ya nuna cewa idan fili ya yi ƙaranci mata ake fara cirewa. Samarinmu kuwa kun san inda suke: Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya, wuraren haƙar zinariya. Ƙasar na buƙatar a mayar mata da abin da ake kwasa, kuma talaka shi kaɗai ba zai iya ba. Don haka ni ban ce a bar tallafi ba.

Abin da nake roƙon mu, mu da aka tura karatu, shi ne mu daina tafa wa adadin tan da ake faɗa a rediyo. Idan an ce an kawo taki ƙaramar hukumarku, ko Urafan ce ko Korgom ko Cake, ku je ku tambaya. Wace rana ya iso, kafin shuka ko bayanta? Ana farke buhu a sayar da kilo, ko sai mai kuɗin buhu? Sunaye nawa ne na mata? An kafe jerin sunayen inda kowa zai gani, kuma da harshen da mutane ke ji? Wannan ta ƙarshe aikinmu ce mu ɗaliban harshe. Takardar da ta shafi cikin mutum bai kamata ta tsaya da Faransanci a bangon ofis ba, alhali muna iya juya ta da Hausa, mu karanta ta a dandali, mu tura ta da murya a WhatsApp.

Ranar da zan koma Yamai na gaya wa kakata cewa maganarta ta buhu da tiya za ta shiga takarda. Ta ce, "To maigida, in ka rubuta ka ce masu su zo da wuri. Taki bayan hatsi ya yi kai, ko kyauta ne, mi za mu yi da shi?" Sannan ta auna mini tiya biyu ta wake, ta ƙulle a ɗankwali, ta ce kada in sayar a tasha.